Wuƙa Ɗaya, Sarkin Fawa Hamsin

Mahaucin da ya koyi fawa a Gusau, idan ya koma Zariya, ba ya shiga kasuwa ya kafa teburi haka kawai. Sai ya fara zuwa ya gai da Sarkin Fawa. A tambaye shi ɗan gidan wa ne, a wurin wa ya koya, a ga yadda yake riƙe wuƙa da yadda yake fiɗa, sannan a nuna masa rumfa.

Haka lamarin ma'aikacin agajin gaggawa yake a Amurka, wanda suke kira EMT, mai zama a bayan motar ɗaukar marasa lafiya. Yakan yi horo na wajen awa 150, ya koyi tsayar da jini, ɗaure karaya, da danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya. Daga nan ya zauna jarrabawar NREMT, hukumar rajistar da aka kafa a 1970, mai mazauni a Kolumbus ta jihar Ohayo. Takardarta shekara biyu take yi, a sabunta. To amma wannan takarda kamar shaidar maigidan da ya koya maka sana'a ce. Izinin taɓa majiyyaci kuwa, kowace jiha cikin jihohi hamsin na ƙasar ita ke ba da nata lasisin.

Wanda ya sauya jiha sai ya sake cika takardu, ya biya kuɗi, a ɗauki zanen yatsunsa, a binciki ko ya taɓa aikata laifi. A Kalifoniya ma hukumomin ƙananan yankuna ne ke ba EMT takardar. Har abin da aka yarda ya yi yakan bambanta: maganin da yake bayarwa a can, a nan sai a ce ba huruminsa ba ne.

Ban ga laifin tambaya ba. Wanda zai durƙusa kan mahaifiyarka tana kwance numfashi sama-sama, dole a san ko wane ne shi. Abin da ke ci mini rai shi ne jira. Mahauci da goro da gaisuwa ya gama cikin yini guda. Shi ko wannan, hannunsa ya ƙware, garin na neman irinsa, amma yana zaune yana jiran takarda.

Wasu jihohin sun gane haka. Kolorado da Teksas na cikin na farko da suka shiga wata yarjejeniya, wadda ta tabbata a 2017 da jiha ta goma ta sa hannu, ta kuma fara aiki a Maris 2020, daidai shigowar korona. Mai lasisin ɗayansu yana iya tsallaka iyaka ya yi aiki a ɗaya, ƙarƙashin kulawar likita. Yau jihohin da suka shiga yarjejeniyar sun haura ashirin. Ya kamata sauran su bi sahu.