Jan dutsen tsohon zobe: na masana'anta ne, amma ba kwalba ba ne

Tun da kamfanin De Beers ya sanar a 2025 cewa zai rufe Lightbox, reshensa mai sayar da daiman ɗin da ake ƙerawa a masana'anta, gardama ta sake tashi tsakanin masu sha'awar gwal. Abin da ya fi yawo a baki shi ne wai duk dutsen da ba daga ƙasa aka haƙo shi ba jabu ne. Wannan magana har ta shafi tsoffin zobban zinare na Turai da ake tallatawa a intanet. Da an ce jan dutse ko shuɗin da ke gefen zoben na masana'anta ne, sai mai saye ya ja da baya, ya ce an haɗa shi da kwalba.

Ba haka abin yake ba. Ƙanƙarar da ta faɗo daga sama da wadda aka daskarar a firji duk ruwa ne, inda aka haife su ne kawai ya bambanta. Haka yaƙutu, wato wannan jan dutse ko shuɗin, yake. Na ƙasa da na masana'anta sinadarinsu ɗaya, nauyinsu ɗaya, taurinsu ɗaya: 9 a ma'aunin Mohs, inda daiman ke da 10. Kwalba kuwa ko 6 da ƙyar take kaiwa, shi ya sa 'yan shekaru kaɗan ke dusashe ta.

Kuma sana'ar ta tsufa fiye da yadda ake zato. Wajen 1885 wasu jajayen duwatsu suka ɓullo daga birnin Jeneba na Suwizalan, aka yi ta sayar da su a matsayin na ƙasa kafin a gane ƙira ce. A 1902 wani Bafaranshe masanin haɗa sinadarai, Auguste Verneuil, ya bayyana dabararsa: a riƙa zubo garin alumina mai laushi ta cikin harshen wuta mai zafin da ya haura digiri 2,000, yana narkewa yana ɗiga, yana daskarewa a hankali har ya zama curi. In an sa ɗan kuromiyam sai ya fito ja. Shuɗin ya biyo baya wajen 1910. Wanda ya taɓa riƙe tsohon agogon Seiko 5 da aka rubuta masa duwatsu 21 a fuska, to irin wannan yaƙutun ne a cikinsa.

Maƙeran Paris da Landan na shekarun 1920 da 1930 ba su ɗauki wannan abin kunya ba. Yayin lokacin shi ne a dasa daiman a tsakiya, a zagaye shi da ƙananan duwatsu masu kusurwa huɗu, girmansu ɗaya, launinsu ɗaya. Samun duwatsun ƙasa goma sha biyu masu launi iri ɗaya sak aiki ne ja, na masana'anta kuwa daga curi guda ake yanko su. Saboda haka ganin su a irin wannan zobe bai ƙaryata tsufansa ba.

Daiman ɗin tsakiyar kuwa lissafinsa daban. Sai a Disambar 1954 kamfanin General Electric na Amurka ya ƙera daiman, shi ma tsaki-tsaki na aikin injina. Na ado bai samu ba sai wajen 1970. Ke nan zoben da aka ƙera a 1925, in dai ba a sauya masa dutse daga baya ba, daiman ɗinsa ba na masana'anta ba ne: ko dai na ƙasa ne, ko kuma kwaikwayo ne irin na gilashi. Nan ne ya kamata a zuba ido, ba kan jajayen gefe ba.

Da madubin ƙara girma sau goma ana iya ganin abubuwa da dama. Yaƙutun Verneuil yana da layuka masu lanƙwasa a ciki, wani lokaci da 'yan ƙwayoyin iska. Layukan na ƙasa miƙaƙƙu ne masu kusurwa. Tsohon yankan daiman kuma, in ka leƙa ta sama, za ka hango ɗan da'ira a tsakiya, don a da ana shafe tsinin gindinsa. A cikin zoben Ingila akwai hatimi: 18 ko 750 na nufin kashi 75 cikin 100 zinare ne, hoton anka na nufin a Birmingham aka gwada shi, ga kuma harafin da ke nuna shekara.

Ba ina cewa farashin ɗaya ba ne. Yaƙutun ƙasa mai kyau ya ninka na masana'anta nesa ba kusa ba, kuma duk dillalin da ya ɓoye wannan ya ci amana. Sai dai asarar da ta fi damuna a kasuwanninmu take. Ɗan gwal zai goga zobe a dutsen gwaji, ya ɗiga asid, ya ce karat 18 ne ba 21 ba, ya ɓamɓare duwatsun don kada su shiga sikeli, ya biya kuɗin giram. Bai yi ha'inci ba, iya abin da kayan aikinsa ke gani ke nan. Hukumomin da ke yawan yi mana jawabi kan arzikin ma'adinai ba su sa gwajin duwatsu ya zama abin da mai zobe zai samu kusa da gida ba, don haka zoben da ya shekara ɗari yakan ƙare a tukunyar narki kan kuɗin giram uku.