DAFIN DA YA ZAMA ALLURAR GYARAN FUSKA

A ƙasashen Turai da Amurka da Asiya, mutane masu ɗimbin yawa, mata da maza, suna zuwa wurin likita kowace shekara domin a yi musu wata allura a goshi ko a gefen ido, wadda ke shafe tamojin fuska na ɗan lokaci. An fi sanin ta da sunan Botox. Abin mamaki shi ne, ruwan da ke cikin wannan allura an samo shi ne daga dafin da masana suka shaida yana cikin mafi ƙarfi a duniya. Ya kamata mai karatu ya san asalinsa, da yadda yake aiki, da kuma haɗarin da ke tattare da shi.

ASALIN DAFIN

Tsakanin 1817 da 1822, wani likitan ƙasar Jamus, Justinus Kerner, ya yi bincike kan wata cuta da ke kama mutanen da suka ci lalataccen naman da ake ɗurawa cikin hanji. Wanda ta kama sai ganinsa ya dushe, fatar idonsa ta sauko, haɗiya ta gagare shi, daga ƙarshe numfashi ya tsaya. Irin wannan nama ana ce masa botulus da Latinanci, daga nan cutar ta samo sunanta na botilizim. Tun a lokacin Kerner ya yi hasashen cewa ɗan kaɗan na dafin zai iya zama magani.

A shekara ta 1895, a garin Ellezelles na ƙasar Beljik, wasu makaɗa suka ci naman alade bayan wata jana'iza, suka kwanta ciwo, uku suka rasu. Malam Emile van Ermengem na jami'ar Gand ya binciki naman, ya gano ƙwayar cutar da ake kira yau Clostridium botulinum. Tana zaune cikin ƙasa, tana kuma yin dafinta inda babu iska. Shi ya sa ake hana cin abincin gwangwanin da ya kumbura. Dabbobi ma ba su tsira ba: shanun da ke gwaguyar ƙasusuwan mushe a makiyaya suna kamuwa da ita.

DAGA IDO ZUWA GOSHI

Wanda ya fara mayar da dafin magani shi ne Alan Scott, likitan ido a birnin San Faransisko. Ya gwada shi kan birai, ya bayyana sakamakon a 1973, sa'an nan a ƙarshen shekarun 1970 ya fara yi wa masu ido harara-garke allurarsa. A 1989 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi domin wannan ciwo da kuma ciwon ƙyaftawar ido ba son rai ba. Kamfanin Allergan ya saye shi a 1991, ya yaɗa shi da sunan Botox.

Maganar gyaran fuska kuwa ta ɓullo ne ba zato. A 1987, a birnin Bankuba na ƙasar Kanada, likitar ido Jean Carruthers ta ji daga bakin wata majinyaciya cewa allurar ta shafe mata layukan da ke tsakanin girarta. Ta gaya wa mijinta Alastair, wanda yake likitan fata ne. Suka yi gwaji tare, suka buga bincikensu a 1992. Amurka ta ba da izinin yin amfani da shi domin layukan tsakanin gira a 2002, Faransa ta biyo baya a 2003 da sunan Vistabel. Wasu kamfanoni ma sun fito da nasu, kamar su Dysport da Xeomin.

YADDA YAKE AIKI

Duk lokacin da mutum ya ɗaure fuska, ko ya yi dariya, ko ya ɗaga gira, jijiya ce ke aika wa tsoka umurni ta hanyar wani sinadari mai suna asetilkolin. Tsoka ta tsuke, fata ta naɗe. Shekara da shekaru ana haka, sai naɗin ya zama layi. Dafin yana shiga bakin jijiyar, ya hana ta sakin wannan sinadari. Umurni bai isa ba, tsoka ta saki, fatar da ke bisanta ta miƙe.

Abin da likita ke sawa ɗan mitsitsi ne ƙwarai. Domin layukan tsakanin gira, an saba tsira allura wuri 5, a zuba awo 20 na Botox gaba ɗaya. Ana fara ganin canji bayan ƴan kwanaki, ya cika cikin mako 2, ya riƙe wata 3 zuwa 4. Bayan haka jijiya ta farfaɗo, tamoji ya dawo, sai an koma an sake biya. Kuma allurar ba ta da iko kan fatar da rana ta ƙona, ko wadda ta saki saboda tsufa. Layukan da motsin tsoka ke haddasawa kaɗai take ragewa.

Ba ado kawai ake yi da ita ba. Likitoci suna amfani da ita wajen murɗewar wuya, da sandarewar gaɓoɓi bayan shanyewar ɓarin jiki, da yawan gumin hamata, da ciwon kai mai naci, wanda Amurka ta amince da shi a 2010.

INDA HAƊARI YAKE

A hannun gwani, illar da aka fi gani ita ce ɗan kumburi, ko taruwar jini, ko ciwon kai. Wani lokaci fatar ido takan sauko na wasu makonni. Ba a son yin ta ga mai ciki da mai shayarwa, da mai ciwon raunin tsoka. A 2009 hukumar Amurka ta tilasta a rubuta gargaɗi jikin kwalin cewa dafin yana iya bazuwa daga inda aka tsira shi, ya taɓa haɗiya da numfashi.

Babbar masifa tana zuwa ne daga jabun magani da masu allura marasa izini. A 2024, a jihohi da dama na Amurka, an kwantar da mutane asibiti bayan an yi musu allurar jabu a gidaje da shagunan kwalliya. A 2025 aka ga irin haka a Ingila. Domin kauce wa wannan, Faransa ta keɓe allurar gyaran fuska ga wasu ƙwararrun likitoci kawai, kamar likitocin fata da na ido da masu fiɗar fuska.

Darasin ya shafi duk inda ake tallar magani a kasuwa ko ta wayar salula. Botox magani ne da ake ajiyewa cikin sanyi, tsakanin digiri 2 da 8, ana kuma auna shi da matuƙar kula. Kwalbar da ba a san asalinta ba, babu mai iya faɗin yawan dafin da ke cikinta. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Duk wanda aka yi wa irin wannan allura ya ga yana ganin abu biyu-biyu, ko harshensa ya yi nauyi, ko haɗiya da numfashi sun yi masa wuya, to a garzaya da shi asibiti ba da jinkiri ba, domin maganin karya dafin ya fi amfani in an ba da shi da wuri.