Makaranciyar Baturiya: Kuka kan Rabi, gardama kan Sumayya, da jiran fim ɗin Sallah

DUK wanda ya ji an ambaci Baturiya, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne ruwa, kifi da tsuntsaye. Gari ne a Ƙaramar Hukumar Kiri Kasamma, cikin Masarautar Haɗeja a Jihar Jigawa, kuma dausayin da ke kewaye da shi ya yi sunan da a 2008 aka sanya shi cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Idan sanyi ya tsananta a Turai, tsuntsaye kan keto Sahara su sauka a nan. Masana sun sha zuwa suna ƙirga su. Abin da ba a cika zuwa ƙirgawa ba shi ne wani baƙon da shi ma ya daɗe yana sauka a cikin gidajen wannan yanki, wato littafin soyayya daga Kano, tare da ƙaninsa fim ɗin Hausa.

A ɗauki misalin matar aure a Baturiya, ko a wani ƙauye na fadamar Kogin Haɗeja. Ta yi firamare, ƙila ta ɗan taɓa sakandare kafin a yi mata aure. Maigida ya tafi su, ko yana gonar shinkafa. Ta gama girki, yara sun tafi makarantar allo. A shekarun 1990 da na 2000, abin da za ta ciro daga ƙarƙashin katifa shi ne ɗan siririn littafi mai hoton budurwa a bango, wanda wani ɗan'uwa ya sayo a Haɗeja ko ya taho da shi daga Kano. Kafin littafin nan ya mutu sai ya zagaya gidaje da yawa, bango ya fita, an ɗinke shi da zare. Wadda ta iya boko ita ke karantawa da ƙarfi, sauran suna tsinar shinkafa ko kitso suna saurare. To, a nan ne ake yi wa marubuci alƙalanci, shi kuwa yana can Kano bai ma sani ba.

Shari'ar Rabi da Alhaji Abdu

Babu littafin da ya fi dacewa a fara da shi kamar 'Alhaki Kuykuyo Ne' na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, aka mai da shi fim a 1998, sannan Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ya buga a 2012. Labarin Rabi ne, uwar 'ya'ya tara, wadda mijinta ɗan kasuwa Alhaji Abdu ke yi wa ƙwauro wajen cefane alhali yana da hali. Ya auro Delu, mace mai zaman kanta, rikici ya ɓarke, ya saki Rabi ya kore ta da 'ya'yanta. Rabi ta kama sayar da abinci ta riƙe yaranta, 'yarta Saudatu ta samu miji nagari mai wadata. Shi kuwa Alhaji Abdu, gobara ta cinye masa kanti, arziki ya karye, Delu ta juya masa baya.

Har zuwa nan babu musu. Duk wadda ke saurare tana bayan Rabi, kuma idan aka zo wurin gobarar nan za ka ji ana cewa Allah ya ƙara, ai alhaki ne. Inda ake rabuwa shi ne ƙarshen labarin, da dangi da manya suka matsa wa Rabi ta koma gidan mutumin da ya wulaƙanta ta. Tsofaffi kan ce ai daidai ne, mace ba ta da kamar ɗakinta, ko don 'ya'ya. Masu ƙuruciya kuwa sai ransu ya ɓaci: yanzu duk wahalar nan da ta sha, da ya tsiyace ne za a ce ta dawo ta ci da shi? Haba! Wannan gardama ba ta Rabi ba ce kaɗai. Kusan kowace mace a wurin ta san wata Rabin a danginta, wata ma ita ce Rabin, sai dai ba ta da bakin faɗa sai ta hanyar littafi.

Abin lura shi ne marubuciyar ba ta yi wa mai karatu sassauci ba. Da ta ga dama da ta aurar da Rabi ga wani attajiri an tashi lafiya. Ba ta yi hakan ba. Ta bar ƙarshen da ɗaci kamar yadda yake faruwa a gidaje, shi ya sa fiye da shekara 30 bayan fitowar littafin ba a gama shari'ar ba.

Wani littafin nata, 'Wa Zai Auri Jahila?', ya fi kusa da 'yar ƙauye. Abu yarinya ce da mahaifinta ya cire daga makaranta, saurayin da take sa ran aura ya guje ta saboda ba ta da boko, aka ɗaura mata aure da tsoho, Sarkin Noma. Ta gudu birni wurin gwaggonta, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Ita kanta Hajiya Balaraba an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, daga baya ta yi karatun manya. Idan ana karanta irin wannan a tsakar gida, uwar da ke shirin cire 'yarta daga aji shida tana ji, ba ta cewa komai. Amma ta ji.

Rijiyar Sumayya

A ɓangaren soyayya zalla kuwa, sunan da ba ya ɓacewa shi ne 'In Da So Da Ƙauna' na Ado Ahmad Gidan Dabino, na farkon shekarun 1990, wanda shi ma ya zama fim. Sumayya 'yar masu kuɗi ta ƙwallafa rai kan Muhammad, talaka mai ilimi da natsuwa, iyaye kuma sun fi son Abdulƙadir mai dukiya. Da aka matsa mata, ta faɗa rijiya. Allah ya yi da sauran kwananta, daga ƙarshe ta auri wanda take so.

'Yan mata sun ƙaunaci Sumayya. Iyaye kuwa rijiyar nan ta tsaya masu a rai. Aka yi ta zargin littafin da koya wa yara bijire wa iyaye, har da cewa zai sa su riƙa yunƙurin kashe kansu. Su kuma masu kare shi suka ce auren dole ya girmi littafin, marubuci madubi kawai ya ɗaga. Shekaru kafin nan ma Hajiya Hafsat Abdulwaheed ta riga ta taɓo zancen zaɓin miji a 'So Aljannar Duniya', wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1980, labarin Boɗaɗo 'yar Fulani da ta nace wa wanda ba ɗan ƙabilarta ba.

Gardamar ta tsakar gida ita ce ta hau shafukan jaridu. Ibrahim Malumfashi ya kira waɗannan littattafai Adabin Kasuwar Kano, yana ganin ba su da nauyin da za su daɗe. Ibrahim Sheme, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya wa marubutan, suna cewa ko ba komai sun sa dubban mata karatu da rubutu da Hausa. Wannan hujja ta ƙarshe ita ce mai ƙarfi idan aka dube ta daga wuri irin Baturiya. Yarinyar da ta bar makaranta ba ta da jarida, ba ta da laburare. Abin da ya hana bokonta gudu shi ne son ta san yadda Sumayya za ta ƙare.

Hukuma ma ta shigo. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, kuma a 2007, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, aka ƙona littattafan da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Daga baya aka nemi marubuta su yi rajista da hukumar tacewa. Marubuta sun ji jiki. Masu karatu dai ba su daina ba, sun ƙara iya ɓoyo ne kawai.

Kayan Sallah, ma'aunin adalci

Akwai wani fage da marubuta da masu shirya fim suka daɗe da gane cewa yana taɓa mata, wato Sallah. A labarin gidan kishiyoyi, azumi na kaiwa goman ƙarshe mai karatu ta san za a yi ta. Maigida ya shigo da leda biyu. Wa aka fara miƙa wa? Atamfar uwargida da leshin amarya kuɗinsu ɗaya? 'Ya'yan wadda aka saka an ɗinka masu, ko sai sun ga na 'yan ubansu sun koma lungu suna hawaye? Idan Babbar Sallah ce, wa aka ba rabon nama? Marubuta irin su Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, mai 'Allura Cikin Ruwa' da 'Ki Yarda Da Ni', sun yi suna ne wajen bin diddigin zaman gidan aure, da yadda ƙaramin abu ke zama babbar wuta tsakanin kishiyoyi.

Makaranciyar fadama ta fi kowa sanin wannan lissafi, don a wurinta kayan Sallah ba daga albashi suke fitowa ba. Daga shinkafa ne, daga tattasai, daga kifi. Shekarar da ruwa ya yi gyara an caɓa. Shekarar da ambaliya ta shanye gonaki, kamar yadda aka gani a yankin Haɗeja a 2020 da 2022, ko kachala ta toshe hanyoyin ruwa kamun kifi ya ja baya, to tsohuwar atamfa za a wanke a goge. Shi ya sa idan jarumin littafi ya cika but ɗin mota da akwatunan kayan Sallah ya kai wa budurwa, dariya ake yi, a ce wannan sai a Kano. Amma idan aka zo kan yaron da ba a ɗinka masa ba, tsit kake ji.

Ga 'yan fim kuwa, Sallah ita ce kakarsu. A zamanin kaset, furodusoshi kan riƙe manyan finafinansu sai Sallah ta matso su sake su, dillalan Ƙofar Wambai da Bata su rarraba, kaset ya bi mota har Haɗeja da ƙauyukanta. Bayan an sauko daga idi, masu hali sun tafi Haɗeja kallon hawan Sarki, waɗanda suka rage sai a tayar da janareta a gidan da ke da bidiyo, ɗaki ya cika har ƙofa. A irin wannan zama ne finafinai kamar 'Sangaya' da 'Wasila' suka shiga bakin mata da yara, waƙoƙinsu suka koma na gidan biki. Ra'ayin 'yan kallo a nan ba a ɓoye yake ba. Muguwar kishiya tana fitowa za a fara yi mata Allah ya isa, kai ka ce tana ji.

Daga kaset zuwa waya

Yau kaset ya zama tarihi, faifan CD ma ya bi shi. Littafin bugawa ya ja baya ƙwarai, yawancin sababbin labarai a waya ake karanta su, ta WhatsApp, Facebook da Wattpad. Marubuciya kan saki shafukan farko kyauta, idan labari ya kama mutum sai a ce ya biya kafin ya ga sauran. Dabarar ba sabuwa ba ce, ai da ma littafin soyayya kashi-kashi yake fitowa, na ɗaya ya tsaya daidai inda zuciya ta rataya. Wadda ba ta iya karatu ba yanzu ba sai ta jira maƙwabciya ba, ana karanta littattafan a gidajen rediyo, akwai kuma masu naɗar karatun a murya, a tura mata a memori a shagon cajin waya.

Wasan kwaikwayon iyali shi ma ya koma mai dogon zango. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta kawo 'Daɗin Kowa', Aminu Saira ya zo da 'Labarina' a 2020, kuma marubutan littattafai irin su Fauziyya D. Sulaiman sun shiga rubuta irin waɗannan shirye-shirye. Bambancin da aka samu shi ne yanzu marubuci yana jin hukuncin mai karatu tun labari bai ƙare ba. A da sai dai wasiƙa ta gidan waya. Yanzu kuwa yau aka saki shafi, gobe an cika marubuciya da saƙonni: don Allah Anti kada ki kashe wance, wane kuma lallai ya ɗanɗana kuɗarsa. Wannan yana da daɗi, yana kuma da illa. Marubuciyar da ke tsoron ɓata wa masu biyanta rai da wuya ta iya yi wa labarinta irin ƙarshen da aka yi wa Rabi.

Ƙorafin da ya rage shi ne na wuri. Mafi yawan labaran nan a birni suke faruwa, cikin gidan bene a Nasarawa ta Kano ko Abuja, jarumi ɗan Alhaji ne da ya dawo daga karatu a Ingila. Idan ƙauye ya fito, to wurin da ake ɗauko 'yar aiki ne, ko inda boka yake. Alhali a fadamar Haɗeja akwai masunta, manoma da makiyaya da ke raba ruwa ɗaya, wani lokaci da daɗi, wani lokaci da rigima. Akwai auren da ake ɗagawa saboda ruwa ya ci shinkafa, da saurayin da ya tafi cirani da alƙawarin dawowa kafin Sallah. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata zalla ta nuna irin wannan labari yana da masu so, domin wanda ya fara lashe ta, 'Sansani' na Aisha Muhammad Sabitu, kan rayuwar 'yan gudun hijira ne, babu ɗan Alhaji a ciki. Wayar da 'yar Baturiya ke karanta labarin 'yan Kano da ita, da irinta ake rubuta labaran da ake aika wa gasar.