Barakuda da sauran mugayen halittun teku

Ƴan uwa manoma da makiyaya, ƙasarmu ba ta da teku. Amma kowace shekara, in an gama girbi, samarinmu suna tafiya cin rani Abijan, Lome, Kwatano ko Ikko. Garuruwan nan duka a bakin teku suke. Alhazai ma suna ganin Bahar Maliya a Jidda. Don haka ya kamata mu san abin da ke cikin ruwan gishiri.

Masu nutso su ne suka fi sanin halinsa. Wasu suna nutso don kamun kifi da mashi, wasu don gyaran jiragen ruwa, wasu don kallo kawai. A shekarar 1943 wasu Faransawa biyu, Kusto da Ganyan, suka ƙera wata na'ura. Mutum ya goya gorar ƙarfe cike da iska, yana shaƙa ta cikin tiyo. Da ita ake daɗewa a ƙarƙashin ruwa.

Kifin da ya fi ba sabon mai nutso tsoro shi ne barakuda. Dogo ne siriri, kamar mashi. Babba yakan kai mita ɗaya da rabi ko fiye. Leɓensa na ƙasa ya zarce na sama, haƙoransa masu tsini ne kamar na kare. In ya zabura, gudunsa ya fi kilomita 40 a awa. Yana da wata ɗabi'a: sai ya riƙa bin mutum a baya yana kallonsa. Amma ba safai yake cizo ba. Abincinsa ƙananan kifaye ne masu ƙyalli. In ruwa ya gurɓace, ya hangi zobe ko agogo ko wuƙa suna walƙiya, sai ya zaci kifi ne, ya kai sara. Shi ya sa masu nutso suke tuɓe kayan ado kafin su shiga. Wanda ya soki kifi da mashi kuwa, kada ya rataye shi a jikinsa yana jini.

Abin mamaki, barakuda ya fi cutar da mai cinsa bisa ga mai iyo kusa da shi. A tsibiran Karebiyan, kusa da Amurka, da na tekun Pasifik, akwai wani ƙanƙanin tsiro mai guba a kan duwatsun murjani. Ƙananan kifaye su ci tsiron, barakuda ya ci su, guba ta taru a namansa. Dahuwa ba ta kashe ta, haka banda, haka gishiri. Wanda ya ci sai amai da zawo. In ya taɓa ruwan sanyi sai ya ji kamar wuta. A can mutane da yawa ba sa cin babban barakuda.

Kifin shak ma sunansa ya fi ɓarnarsa. Mutanen da yake kashewa a duniya ba su cika wuce 10 a shekara ba. Macizai kuwa suna kashe fiye da dubu 80.

A ganina, abin tsoro na gaske shi ne wanda ba a gani. Kowane manomi ya san kububuwa: tana kwance shiru, launinta kamar ƙasa, sai an taka ta. Teku ma yana da irinta. Akwai kifin dutse a Bahar Maliya da tekun Indiya. In ka gan shi, ka rantse dutse ne mai gansakuka. A gadon bayansa akwai ƙayoyi 13 masu dafi. Ba ya gudu, ba ya bin kowa. Wanda ya taka shi, zafin kan sa ya suma. A 1959 aka haɗa maganin dafinsa a ƙasar Ostiraliya.

Akwai kuma kunamar ruwa. Masuntan kogin Binuwai sun san ƙaramarta. Tana da faɗi kamar faifai, wutsiya kamar bulala, da ƙaya mai zarto a jikin wutsiyar. Cikin yashi take binne kanta. A 2006 wata babba ta soki Steve Irwin a ƙirji, a tekun Ostiraliya, ya mutu. Mutumin nan ya yi suna wajen kama kada da hannu. Masu wayo ba sa ɗaga ƙafa in suna tafiya cikin ruwa. Jan ƙafa suke yi a kan yashi, ita kuwa ta ji motsi ta gudu.

Dafin waɗannan biyu ba ya son zafi. A fito da mutum daga ruwa. A sa wurin cikin ruwan zafi wanda hannu zai iya jurewa, minti 30 ko fiye. Kada a tsaga, kada a tsotsa. In ƙayar ta shiga ciki ko ƙirji, kada a zare ta. A garzaya da shi wurin likita.

Ta ƙarshe ba kifi ba ce. Wata halitta ce mai laushi, kamar lema, da zaruruwa suna reto a ƙarƙashinta. Zaren ne ke harbi. Mafi muni tana arewacin Ostiraliya. Zarenta yakan kai mita 3, kuma takan kashe mutum cikin ƴan mintoci. A can binega ake kwarara wa wurin, irin wanda ake sa wa salati. Danginta suna cikin kowane teku, kuma igiyar ruwa tana watso su gaɓa. In ta taɓa ka, kada ka murza wurin. Ka wanke da ruwan teku, ban da ruwan sha, don yana ƙara harbin. In ka ga matacciya a kan yashi, kada ka ɗauka, kuma ka hana yara. Zarenta yana harbi ko bayan ta mutu.