Yaron da Ba Ya Jituwa da Alkama, da Ƙaramin Kek na Garin Almon



Kwanan baya wata mata ta tare ni a bakin ɗakin shan magani, tana riƙe da hannun ɗanta, ɗan shekara shida. Likita a babban asibiti ya riga ya gwada yaron, ya ce kada a ƙara ba shi abin da aka yi da alkama muddin ransa. Ta ce mini, "Malam, tuwo da fura ba su dame ni ba. Amma ran suna ko biki 'yan'uwansa suna cin kek da cincin, shi kuwa yana tsaye yana kallo. Jiya ma na kama shi da biskit a aljihu." Maganar wannan mata ce ta sa na zaɓi abin da za mu tattauna yau, gama yaron da aka hana shi abu ba a ba shi madadinsa ba, zai ci a ɓoye, cutar kuwa ba ta san ɓoye ba.

Bari mu fara da alkamar. Ku ɗebi garinta, ku kwaɓa da ruwa kaɗan ya yi tauri, sa'an nan ku riƙa wanke curin a cikin ƙwarya. Farin ruwa zai yi ta fita, wannan sitaci ne. A ƙarshe wani abu zai rage a hannunku mai danƙo, yana miƙewa kamar roba. Shi likitoci ke kira gulutin. Shi ne ke riƙe iska a cikin ƙullun burodi har ya kumbura, shi ne kuma ya sa taliya ba ta tsinkewa. Akwai shi cikin alkama, da sha'ir, da wani hatsin Turai da a ke kira rai. Yawancin mutane suna cinsa lafiya lau, ba abin da ya ke yi musu. Amma a cikin mutum 100 a duniya a kan sami kamar 1 wanda jikinsa ba ya jituwa da shi. Sunan wannan cuta siliyak.

Ga yadda ta ke. Cikin ƙaramin hanji ba sumul ya ke ba, yana da 'yan tsiro ƙanana birjik kamar gashin sabon tawul, su ne ke tsotse amfanin abinci su kai shi cikin jini. In mai wannan cuta ya ci gulutin, sai garkuwar jikinsa ta tashi faɗa, ta afka wa hanjinsa na kansa. Yau da gobe 'yan tsiron nan su lalace, hanjin ya zama kamar tsohon tawul da ya ƙoƙe, ba ya tsane ruwa. To, abinci yana shiga, amma amfaninsa yana wucewa. Sai ku ga yaro yana ci ba ya girma, ciki ya kumbura, ɗuwawu da cinyoyi sun motse, ga zawo mai maiƙo da ɗoyi, ga ƙarancin jini, ga yawan kuka da fushi. Babba kuwa wani lokaci gajiya kaɗai zai riƙa ji, ko ƙarancin jinin da ba ya jin magani, ko ƙuraje masu ƙaiƙayi a gwiwa da gwiwar hannu.

Wani likita a London, Samuel Gee, ya bayyana alamun cutar a 1888, ya kuma gane maganinta yana cikin abinci, amma bai kama ɓarawon ba. Wanda ya kama shi likitan yara ne a ƙasar Holan, Willem Dicke. Ya daɗe yana zargin alkama. Da aka yi yunwa a Holan cikin hunturun 1944 zuwa 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, burodi ya yi wuya, sai yaran da ke fama da wannan cuta suka fara samun sauƙi alhali kowa yana ramewa. Da burodi ya komo, ciwonsu ya komo. A 1950 ya rubuta abin da ya gano. Kada kuma wani ya ce ai cutar Turawa ce. A wani bincike da aka buga a 1999 an gwada yaran Sahrawi, mutanen Yammacin Sahara da ke zaune a sansanin gudun hijira a Aljeriya, inda garin alkama ya zama babban abincinsu, aka tarar fiye da yaro 5 cikin 100 suna da ita.

A nan sai in ja muku kunne. Mafi yawan zawo da kumburin cikin da mu ke gani a ɗakin shan magani daga ruwa marar tsabta su ke, da tsutsar ciki, da ƙarancin abinci mai gina jiki. Ba kowane yaro mai zawo ne alkama ta ke damunsa ba. Ku kawo shi a duba. In mun yi zargi, za mu tura ku babban asibiti, a ɗebi jini a gwada, wani lokaci kuma a zura siririn bututu ta baki a tsinko ɗan ƙwarya-ƙwaryar naman hanji a duba. Kada ku daina ba shi alkama kafin gwajin, domin in kun daina hanjin zai fara warkewa, gwajin ya fito kamar ba kome. In kuwa an tabbatar, a gwada iyayensa da 'yan'uwansa na ciki ɗaya, gama cutar tana bin jini: kamar 1 cikin 10 na irin waɗannan dangi na kusa a kan same shi da ita.

Babu allura, babu ƙwaya. Magani ɗaya ne, a bar gulutin ɗungum. Mu kuwa a nan mun yi sa'a, domin gero, da dawa, da masara, da shinkafa, da acca, da rogo, da doya, da wake, da gyaɗa, duk babu shi a cikinsu. Abin da za a bari shi ne burodi, gurasa, alkaki, funkasau, fanke, cincin, biskit, taliya kowace iri ta alkama, semo, kuskus na leda, da lemun malt wanda da sha'ir a ke yinsa. A yi hankali da masa da ƙosai na saye, gama wasu masu tuya suna ƙara fulawa a ƙullu. Injin niƙan da aka niƙa alkama a ciki, da rariya, da man da aka soya fanke, duk suna iya kai gulutin cikin abincin yaron. Abin da ya ke ɓarna ɗan kaɗan ne: bisa ƙa'idar duniya, ba a rubuta wa abinci "babu gulutin" sai in bai wuce miligiram 20 cikin kilo guda ba.

To, yanzu ga kek ɗin. Mutanen Amurka suna da wani ƙaramin kek da su ke gasawa ɗai-ɗai a cikin 'yan kofuna, suna ce masa mafin. Da garin alkama aka saba yinsa, amma masu wannan cuta a can suna yinsa da garin almon. Almon ƙwayar 'ya'yan wani itace ne, Larabawa suna ce masa lauz. Jihar Kalifoniya ta Amurka ita ke noma mafi yawan wanda a ke ci a duniya. Ba shi ne itacen nan mai faffaɗan ganye da a ke shukawa don inuwa a harabar makarantu ba, ko da ya ke wasu suna kiransa da wannan suna. A manyan kantuna na birni a ke samun ƙwayar ko garin, da tsada kuwa, ba zan ɓoye muku ba. Abin ranar biki ne.

In ƙwayar kuka samu, ku zuba ta cikin tafasasshen ruwa minti 1, ku tsame, ku murza, ɓawon zai saɓule. Ku shanya ta bushe ƙarau, kāna ku daka kaɗan-kaɗan kuna tankaɗewa. Kada ku zafafa daka. Kusan rabin nauyin almon mai ne, in kun matsa masa sai ya zama kamar markaɗaɗɗiyar gyaɗa. In kuka ɗanɗana ƙwaya kuka ji ɗaci sosai, ku zubar, domin akwai wani irin almon mai ɗaci wanda ke da guba.

Ku auna garin kofi 2, watau kamar giram 200, ku zuba a kwano mai tsabta wanda fulawa ba ta taɓa ba. Ku sa gishiri ɗan tsunkule, da hodar tashi, wadda mata ke kira bakin hoda, ƙaramin cokali 1 da rabi. Ku duba gwangwaninta tukuna, ko ku ba wani ya karanta muku, gama wasu kamfanoni suna haɗa ta da sitacin alkama. A wani kwano dabam ku fasa ƙwai 3, ku zuba sukari babban cokali 5, ku kaɗa sosai har ya yi kumfa ya yi haske. Sa'an nan man gyaɗa babban cokali 3.

Kada ku rage ƙwan nan don tsimi. Kun tuna na ce gulutin ne ke riƙe ƙullu? To, garin almon ba shi da abin da zai riƙe kansa. Ƙwai ne ke yin wannan aiki: in ya ji wuta sai ya daskare, ya kama garin da 'yan kumfar iskar da ke ciki. In ƙwai ya yi kaɗan, kek ɗin zai wargaje a hannu kamar dambu.

Sai lemun tsami. Wanda Turawa ke sawa shi ne babban nan mai launin ruwan ɗorawa, amma namu ƙanana masu kore ma suna yi, sai dai a sa guda 2 a maimakon 1. Ku wanke shi da kyau, ku kankare bayan ɓawon kaɗai, inda launin ya ke, domin a nan ƙanshin ya ke. Farin da ke ƙarƙashi ɗaci ne da shi. Ku matse ruwan babban cokali 2, ku tace 'ya'yan. Tsamin nan ba don daɗi kaɗai ba ne, yana haɗuwa da hodar tashi ya fid da iska, ƙullun ya ƙara tashi. Saboda haka da zarar kun haɗa kwanon ƙwai da na gari kun juya, kada ku ajiye ku tafi hira. Wuta ta riga ta zama a shirye. Ƙullun zai fi na kek ɗin da kuka sani kauri, kada ku ƙara ruwa.

Ku shafa mai a 'yan gwangwanayen kek, ku zuba ƙullu ya ɗan wuce rabi. Zai ba ku kamar guda 9 ko 10. Mai murhun gashi na zamani ya sa shi a digiri 175, minti 20 ko kusa da haka. Wanda ba shi da shi ya zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, ya ɗora a kan garwashi, ya rufe minti 10 ta yi zafi, ya jera gwangwanayen a kan faranti bisa yashin, ya rufe, ya ɗora garwashi kaɗan a kan murfi. A nan ne yawancin mutane ke kuskure. Garin almon yana saurin yin ja saboda man da ke cikinsa. Ran da uwargidana ta fara gwadawa, ni na tsaya a kan wuta, na cika gawayi kamar za a dafa ganda, muka fid da su baƙi ƙirin a waje, ciki kuwa ɗanye. Wuta kaɗan-kaɗan ta fi. Kada a buɗe murfi kafin minti 15. Daga nan ku soka tsinke a tsakiya, in ya fito ba ƙullu a jikinsa ya gasu. Ku bar shi ya huce cikin gwangwanin minti 10 kafin ku fitar, domin da zafinsa ba shi da ƙarfi.

Wanda almon ya fi ƙarfin aljihunsa yana iya yi da garin busasshiyar aya, ita ma babu gulutin a cikinta. A tankaɗe da rariya mai laushi, a rage sukari tun da ya ke aya tana da zaƙi, a ƙara mai cokali 1. Ba zai kai na almon taushi ba, amma yaro ba zai ƙi shi ba. Ana kuma iya haɗa rabi almon rabi garin shinkafa.

Saura gargaɗi. Akwai mutanen da jikinsu ba ya jituwa da almon ɗin kansa, ko gyaɗa, ko ƙwai, wannan kuwa wata cuta ce dabam, mai saurin tashi. Ran farko a ba yaro ɗan gutsure a jira. In leɓe ko fuska ta kumbura, ko jiki ya yi borin jini, ko numfashi ya yi wuya, a garzaya da shi asibiti nan take, kada a tsaya jiƙa magani. In kun sa zuma a maimakon sukari, kada a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba. Mai ciwon sukari kuma kada ya ji an ce babu alkama ya ɗauka an sake masa mara, sukarin da ke ciki sukari ne. Ku kuma masu lafiya, na ji wasu 'yan birni suna barin alkama wai don ƙarin lafiya. Wanda ba shi da cutar nan bai ƙaru da kome ba, sai kashe kuɗi.

Kek ɗin nan yana da laima, ba ya daɗewa a zafinmu. A rufe shi cikin kwano mai murfi, dabam da burodin gida, a cinye cikin kwana 2. Ran biki uwa ta ƙulla wa yaron nasa tun daga gida, ta kuma gaya wa kakarsa da gwaggonninsa dalili, gama sau da yawa su ne ke miƙa masa biskit don tausayi.

Matar da na ba ku labarinta ta komo bayan wata 3. Na ɗora yaron a kan ma'auni, ya ƙaru, cikin ya sauka, ta ce yanzu 'yan'uwansa ne ke bin sa suna roƙon nasa. Duk mai yaro irin wannan ya riƙa kawo shi awo kowane wata, ya zo da katinsa.