Ba Sammu Ba Ne: Yadda Kiyashi Suka Wanke Amaryarmu

 Yau labarin gidanmu na Roni zan ba ki, ko Allah Ya sa wata ta tsira da mijinta.

A daminar 2018 maigidanmu ya soma ramewa. Ga ci, ga shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, dare ɗaya sai ya fita fitsari sau shida. Dangi suka ce ai amarya ce ta yi masa sammu, tunda watanta huɗu kacal da tarewa. Ni ma, Allah Ya yafe mini, na yarda. Muka yi ta zarya wajen wani mai magani can yankin Gwiwa, har tunkiyata na sayar, jiki kuwa sai ƙara lalacewa yake.

Wata safiya amaryar ta ja ni bayan gida, ta ce, "Yaya, zo ki gani." Kiyashi ne sun yi dafifi inda ya tsuguna. Ta ce da haka aka gane ciwon sukarin kakarta a Babura. Ranar muka kai shi asibiti a Kazaure, gwajin jini ya tabbatar. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige!

Ashe idan sukari ya haura kamar miligiram 180 a kowace desilita ta jini, ƙoda ba ta iya riƙe shi, sai ya zubo cikin fitsari. Masu maganin Indiya sun san alamar nan ta tururuwa fiye da shekara dubu. A 1956 aka fito da ɗan tsinken takarda da ake tsomawa a fitsari ya canza launi.

Yanzu kuma masana na gwada aunawa da hasken infirared, irin wanda rimot ɗin talabijin ke aikawa, ido ba ya ganinsa. William Herschel ne ya gano shi a Ingila a 1800. Idan aka haska shi cikin fitsari, sukari yakan shanye wani sashe nasa, sai na'ura ta lissafa yawan sukarin daga abin da ya ragu. Burinsu mutum ya auna a gida, ba allura, ba sayen tsinke kullum.

Amma fa 'yar'uwa, kada ki zauna jiran na'ura. Kiyashi ne, tsinke ne, haske ne, duk fitsari suke dubawa, shi kuwa ba ya nuna sukari sai ya riga ya yi yawa a jini. Kuma ba ya nuna lokacin da sukari ya faɗi ƙasa, wanda kan sumar da mai shan magani. Gwajin jini shi ne alƙali.

Maigida ya murmure, yana shan maganinsa, mun rage masa tuwo da shayi mai zaƙi, mun ƙara ganye. Amarya kuwa na nemi gafararta. In kin ga ƙishirwa da yawan fitsari da rama sun haɗu, a fara da asibiti kafin a zargi kishiya. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.