Sha'iri Ya Rasu: Waƙoƙinsa Na Waye?

 Yau maganar gado za mu yi, amma ba gadon gida ko gona ba.

Kun san yadda abin yake tafiya. Marubucin waƙa ya rasu, kafin sadakar uku baitocinsa sun cika Facebook. Kafin arba'in abokai sun haɗu a WhatsApp, sun ce za su tattara waƙoƙinsa su buga littafi don kada su salwanta, a kuma taimaki iyalinsa. Niyya ce mai kyau. Sai dai akwai tambayar da ba kasafai ake yi ba: waƙoƙin nan, na waye yanzu?

Na magada ne. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ce haƙƙin rubutun adabi yana nan har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da marubucin ya rasu, kuma ana gadonsa kamar yadda ake gadon sauran dukiya. Ku lissafa da kanku. Malam Sa'adu Zungur ya rasu a 1958, ke nan wa'adin waƙoƙinsa bai cika ba sai ƙarshen 2028. Alhaji Aƙilu Aliyu ya rasu a 1999, nasa sai 2069. To ina ga wanda aka binne bara? Ko da marigayin ne ya turo maka waƙar a waya, ko ya ba ka ajiyar littafin da yake rubutu a ciki, wannan bai ba ka izinin bugawa ba.

Na san wani zai ce ai dokar Bature ce, ilimi ba a yi masa shinge. To, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta zauna a Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa haƙƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta shi ba. Idan kuwa marigayin ya bar ƙananan yara, maganar ta koma dukiyar marayu. Kun ga ba wasa ba ne.

Yanzu mu zo kan bikin ƙaddamarwa, don nan ne ake yawan yin tuya a manta da albasa. A kama zauren taro, a gayyato manya, wannan ya yi alkawarin miliyan, wancan ya ce ya sayi kwafi ɗari. An watse, wasu alkawuran sun bi iska. A cire kuɗin ɗab'i, kuɗin zaure, kuɗin abinci, abin da ya rage a sa a ambulan a kai wa matar mamaci, ta yi ta godiya. Wallahi wannan godiyar ce take damuna. Ana miƙa mata haƙƙinta ne da na 'ya'yanta, amma an nuna mata kamar sadaka aka kawo. Gudummawa daban, haƙƙi daban. Gudummawa rana ɗaya ce. Haƙƙi kuwa yana biyo kowane kwafi da aka sayar da kowane sabon bugu, har in wata makaranta ta sa littafin a manhaja shekara goma nan gaba.

Shi ya sa komai sai an rubuta. Ita kanta dokar ba ta yarda da sayar da haƙƙi ko keɓe wa mutum ɗaya izinin bugawa da baki ba, sai da takarda. Ni a ganina kada iyali su sayar kacokan. Su ba da izini na 'yan shekaru, a faɗi kwafi nawa za a buga, kaso nawa ne nasu, asusun wa kuɗin zai shiga, yaushe za a kawo musu lissafi. Kuma ba babban wa ko kawu ne kaɗai zai sa hannu ba, sai da yardar duk mai rabo, yara kuma ta hannun waliyyinsu. A kuma yi haƙuri. Macen da take cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, ba lokacin kawo mata takarda da biro ba ne.

Sai ainihin takardun marigayin. Ku dubi Christopher Okigbo, wanda aka kashe a yaƙin basasa a 1967. Kamfanin Heinemann ya buga kundinsa Labyrinths a 1971, shekara huɗu bayan mutuwarsa. 'Yarsa Obiageli, wadda ƙaramar yarinya ce lokacin da ya mutu, ita ta girma ta kafa gidauniya da sunansa a 2005, kuma a 2007 UNESCO ta sa takardunsa cikin kundin abubuwan tarihin duniya. Da takardun sun watse a hannun jama'a, da me za ta kafa ta? Saboda haka ku ɗauki hoton shafukan da waya, ku mayar wa iyali kayansu.

Wajen tacewa ma a ji tsoron Allah. Baitin da bai ƙarasa ba a bar shi haka, a faɗa wa mai karatu. Kada wani ya cike masa amsa-amo don yana ganin ya fi shi iya waƙa. Wanda ya rubuta wa matarsa ko kan wani sirrin gida, ita za a tambaya kafin duniya ta gani.

Ku kuma masu jiran littafi ya fito ku ce “a turo mana PDF”, wannan kwafin da kuka tura wa mutum ɗari biyu kyauta, daga kuɗin makarantar yaran nan kuka cire shi.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.